Zumuntar unguwa ta ranar Laraba: wa'azi na biyu ne ko zaman bimbini?

Dattijo Ishaya, Tudun Wada:
Salamar Ubangiji ta tabbata gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna. Yawancin ikilisiyoyinmu a nan Zariya, Angilikan ce, ECWA ce, HEKAN ce ko Baptis, suna da zumuntar unguwa a tsakiyar mako, wasu Laraba wasu Alhamis, ana zagayawa gida-gida. Dalilin kafa ta shi ne mutane kaɗan su zauna su karanta Maganar Allah, su yi bimbini a kanta tare, su san halin da juna ke ciki. Amma ku duba yadda take tafiya yanzu. Mutum ɗaya zai miƙe da Littafi a hannu, ya yi wa'azin minti arba'in, a ce amin, a zagaya da kwanon baiko, a watse. Sujadar Lahadi ce kawai aka ɗauko aka kai tsakar gida. Mutum sai ya shekara yana zuwa ba a ji muryarsa ba, in ba a cikin waƙa ba. A 1 Korintiyawa 14:26 Bulus ya nuna taron da kowa ke zuwa da abin da zai ba 'yan'uwa, wani zabura, wani koyarwa. Ina namu ya tsaya? Masu sanin aikin nan, ku taimaka mana da yadda za a gyara.

Malam Bitrus, Samaru:
Baba, Allah ya saka da alheri da kuka taɓo wannan. Kafin a zargi mai jagora, a fara ƙirga kawuna. Idan an ware minti talatin don tattaunawa kuma mutum goma sha biyu ne a zaune, kowa yana da minti biyu da rabi. Idan ashirin da biyar ne, da ƙyar kowa ya sami minti ɗaya, kuma ba za a raba daidai ba, mutum uku masu baki ne za su cinye. Daga nan mai jagora ya ga abin zai rikice masa, sai ya koma wa'azi don shi ne ya fi sauƙin riƙewa. Saboda haka manya takwas zuwa goma sha biyu su ne daidai. Da zarar an yi mako huɗu a jere ana kai goma sha biyar, a raba biyu. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, a Fitowa 18 Yetro ya ba Musa shawarar naɗa shugabanni har na mutum goma-goma.

Lokaci kuma kada ya wuce awa ɗaya da kwata. Waƙa biyu da addu'ar buɗewa minti goma sun isa. Karatu sau biyu, da muryoyi biyu dabam, wajen minti bakwai. Sai shiru na minti uku. Tattaunawa minti talatin. Addu'a domin juna minti goma sha biyar. Abin da ya rage na sanarwa ne da sallama. Inda aka fi ɓata lissafin shi ne waƙa. Da an ɗauko tulu da caki jiki ya yi daɗi, sai a yi waƙa bakwai, a zo kan Maganar rana ta kusa faɗuwa.

Baba Katikis, Wusasa:
Malam Bitrus, lissafinka ya fita, amma ina da tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Yakubu 3:1 ya ja kunne cewa kada da yawa su zama masu koyarwa. In ka ce kowa ya faɗi abin da ya gani a cikin aya, to ka shirya jin abubuwa. Wani zai kawo mafarkin da ya yi daren jiya ya ɗora a kan nassi. Wani zai kawo abin da ya ji a bakin mai wa'azin talabijin. Wata za ta ɗauki Filibiyawa 4:13 ta ce alkawari ne duk abin da ta sa a gaba sai ta samu, alhali in ka karanta aya ta 11 da ta 12 Bulus yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi, kuma yana tsare ne sa'ad da ya rubuta. Sabon mai bi yana zaune yana ji, ba wanda ya gyara, ya tafi gida da shi a matsayin koyarwar ikilisiya. Gara wa'azin minti arba'in mai tushe da hirar awa guda da za ta karkatar da mutum.

Malam Bitrus, Samaru:
Baba Katikis, ban musa ba ko kaɗan. Amma mutumin da ke riƙe da wannan fahimtar ta Filibiyawa 4:13, yana riƙe da ita ko ya faɗa ko bai faɗa ba. In ya yi shiru shekara goma, wa zai san yana buƙatar gyara? Zumuntar unguwa ce kaɗai wurin da abin da ke zuciyar mutum zai fito fili a taimake shi.

Maganin abin da kuke tsoro yana cikin irin tambayar da ake yi. Kada mai jagora ya fara da "me wannan aya ta faɗa maka?" Wannan tambayar ce ke buɗe ƙofar mafarkai. A fara da abin da ke rubuce: su wane ne a ciki, ina suke, me ya faru, me aka ce. Bayan an gama wannan sosai a shiga abin da nassin ke nunawa game da Allah da kuma halin mutum. Daga ƙarshe ne za a zo kan abin da za mu yi da shi kafin Laraba mai zuwa. Kuma akwai doka ɗaya da kowa zai amince da ita tun ranar farko: duk wanda ya yi magana ana iya tambayarsa cikin ladabi, "a aya ta nawa ka ga haka?" Har mai jagoran ma ana iya tambayarsa. Mutanen Biriya haka suka yi da koyarwar Bulus kansa a Ayyukan Manzanni 17:11, kuma yabonsu aka yi.

Malama Hannatu, makarantar Lahadi, Hanwa:
Bari in sa misali don kada maganar ta tsaya a sama. A ɗauki Markus 4:35-41, aya bakwai kacal, labarin hadirin da ya taso a teku. Kowa yana ganin ya san shi, shi ya sa mai wa'azi yakan tsallake kai tsaye zuwa "Yesu zai kwantar da hadirin rayuwarka". Amma a karanta sau biyu a hankali, a tambayi mutane me suka lura da shi. Za ka ji wani ya ce, ashe Yesu ne da kansa ya ce a haye, ba almajiran suka ɗauko tafiyar ba, aya ta 35. Wata ta ce ashe akwai waɗansu jirage tare da su, aya ta 36, to su yaya suka ƙare? Wani ya ga matashin da Yesu ya ɗora kai yana barci a ƙarshen jirgi. Wani ya lura cewa almajiran ba "ka cece mu" suka ce a nan ba, tambayarsa suka yi ko bai damu ba ne za su hallaka. Sai babbar: a aya ta 41, bayan iska ta kwanta ne tsoro mai tsanani ya kama su. Me ya sa tsoronsu ya ƙaru bayan haɗarin ya wuce? Wannan tambayar ita kaɗai za ta ci minti goma sha biyar, kuma ba yadda za a amsa ta ba a zo kan ko wane ne Yesu ba. Duk wannan daga cikin nassin ya fito, ba wanda ya kawo mafarki.

Sannan in aka zo kan rayuwa, tambayar ta zama mai kaifi. Ba "mu dogara ga Allah" ba, kowa zai ce amin ya manta. A tambaya: a wane abu ne a makon nan ka ji kamar Ubangiji bai damu ba? A nan ne za ka ji maganar kuɗin makaranta, da mara lafiya a asibitin Shika, da ɗan da ya daina zuwa sujada.

Baba Katikis, Wusasa:
'Yata, wannan da kika yi koyarwa ce mai kyau, kuma ke kin iya. Tambayata ita ce, masu jagora nawa ne za su iya fitar da tambayoyi irin waɗannan da kansu? Ikilisiya mai zumunta goma sha biyu tana buƙatar mutum goma sha biyu irinki, kuma ba ta da su.

Baba Rabaran:
Salama gare ku duka. Baba Katikis ya sa hannu a kan ainihin wurin. Ba a barin mai jagora ya shirya shi kaɗai. Dukan zumuntocin ikilisiya su bi littafi ɗaya, nassi ɗaya a mako ɗaya. Masu jagora su zauna da fasto ko katikis, wato malamin da ke koyar da tushen bangaskiya a ikilisiya, bayan sujadar Lahadi, minti arba'in, su yi nazarin nassin su da kansu kamar yadda za a yi ranar Laraba. A nan za a fitar da tambayoyi biyar ko shida, ba fiye ba, a rubuta a takarda guda ko a tura ta WhatsApp. A nan kuma fasto zai nuna wuraren da mutane suka saba zamewa a wannan nassin da amsar da ta dace. Ikilisiyar da ta ce ba ta da lokacin wannan zaman, to kada ta yi mamakin abin da zai fito daga unguwanni.

Mai jagora kuma ya san ba aikinsa ba ne ya amsa komai. In tambaya ta fi ƙarfinsa ya rubuta ta, ya kawo ranar Lahadi, ya koma da amsa. In wani ya faɗi abin da ya kauce kaɗan, a mai da shi ga ayar. In ya kauce a babban abu, kamar Allahntakar Almasihu ko ceto ta wurin alheri, a faɗi gaskiyar a taƙaice nan take don masu sauraro, sauran maganar kuma a yi ta a keɓe. Haka Bilkisu da Akila suka yi da Afolos a Ayyukan Manzanni 18:26, sun ja shi gefe, ba su kunyata shi a gaban jama'a ba.

Abu ɗaya da ba na sassautawa: Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, da baftisma ba na zumuntar unguwa ba ne. Suna hannun wanda ikilisiya ta naɗa, bisa ga tsarin kowace ɗarika. Zumuntar da ta fara yin waɗannan da kanta, ko ta fara gayyato baƙin masu wa'azi ba da sanin fasto ba, ta kama hanyar ɓallewa.

Mama Saratu, Zumuntar Mata, Sabon Gari:
Ina gaishe da iyayenmu maza. Kun yi maganar littafi, bari in yi maganar tabarma. Kun ce kowa ya yi magana, to wace mace ce za ta buɗe baki surukinta na zaune a kan kujera a gabanta? Amarya ba za ta ce uffan ba in uwar mijinta na wurin. Yaro ba zai faɗi ra'ayi bayan dattijo ya riga ya yi magana ba, don zai zama kamar yana gyara masa. Wannan kunya ce ta gidanmu, ba rashin bangaskiya ba ce, kuma ba a cire ta da tsawa.

Ga abin da ke aiki. Dattawa su yarda su yi magana a ƙarshe, a gaya musu tun kafin a zauna, kuma fasto ne zai gaya musu, ba ƙaramin mai jagora ba. Zama ya zama da'ira, kada a jera benci kamar a majami'a, kuma mai jagora ya zauna, kada ya tsaya. Tsofaffi masu ciwon gwiwa a ba su kujera amma a cikin da'irar. Suruki da suruka in da hali a sa su a zumunta dabam-dabam. Lokacin addu'a domin juna kuma a rabu, mata gefe maza gefe, uku-uku ko huɗu-huɗu. Akwai abin da mace za ta gaya wa mata biyu da ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba.

Sai waɗanda ba su iya karatu ba, kuma muna da su da yawa, musamman iyayenmu mata da 'yan'uwan da suka shigo daga ƙauyuka. In aka ce kowa ya karanta aya ɗaya a zagaya, mun kore su ke nan, mako mai zuwa za ka ji wai ba ta jin daɗi. Kada a yi karatun zagaye. Mutum biyu da aka shaida wa tun da wuri su karanta, sannan a rufe littattafai a ce wani ya ba da labarin da bakinsa, sauran su cika abin da ya manta. Ku gwada ku gani, tsohuwar da ba ta san baƙi ba ita ce za ta tuna matashin nan da Yesu ya ɗora kai a cikin jirgi.

Dattijo Ishaya, Tudun Wada:
Mama, wannan ta dattawa su yi magana a ƙarshe ta shige ni, kuma gaskiya ce. Amma fa shirun minti ukun nan da Malam Bitrus ya ambata, anya mutanenmu za su iya?

Malam Bitrus, Samaru:
Da farko ba za su iya ba, Baba. Kafin rabin minti wani zai ta da waƙa don yana ganin taron ya mutu. Sai an bayyana tun farko cewa shirun da gangan ne, a kuma ba mutane abin riƙewa: ka zaɓi jimla ɗaya daga abin da aka karanta, ka yi ta juya ta a zuciya, ka tambayi Ubangiji me ya sa ta tsaya maka. A fara da minti ɗaya, bayan wata guda a kai uku. Mai jagora ya duba agogo da gaske, domin a cikin shiru minti ɗaya yakan yi kamar biyar, sai ya katse da wuri. Zabura 1:2 da Joshuwa 1:8 duk suna maganar yin tunani a kan shari'ar Ubangiji dare da rana, amma in ba a koya wa mutum a cikin taro ba, da wuya ya yi shi kaɗai a ɗaka. Haka ma bayan an yi tambaya, mai jagora ya ƙirga har goma a zuciyarsa kafin ya sake magana. Yawancinsu su ke yin tambaya su kuma amsa da kansu.

Rahila, Kongo:
Barkanku da yamma iyayena. Ku yi mini izini in faɗi ta matasa. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, na Samaru da na Kongo, da yaran da suka tashi a makarantun Turanci, da yawa suna jin Hausa amma karatunta na ba su wuya. Ga shi kuma a zama ɗaya za ka ga fassara uku: Baba yana riƙe da tsohuwa, Mama da wadda aka fi sani a majami'a, mu kuma ta cikin waya. Mai karatu yana faɗin wani abu, idonka yana ganin wani, sai hankali ya rabu. Me ya kamata a yi?

Baba Katikis, Wusasa:
'Yata, tambaya mai kyau. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, kuma Likita Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Angilikan, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905 kafin mishan ta koma nan Wusasa a 1929, yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. Tsofaffinmu da wannan fassarar suka haddace ayoyi, shi ya sa ba sa son rabuwa da ita. Kusan shekara hamsin bayan haka aka fitar da sabuwa mai sauƙin Hausa, daga baya ma wasu sun biyo. Tun da ana karatu sau biyu, a yi na farko da wadda ikilisiya ke amfani da ita ranar Lahadi, kowa ya ajiye tasa ya saurara da kunne. Na biyu a yi da wata dabam, ko da Turanci in akwai masu buƙata. Amma tattaunawar ta tsaya a kan ta farko. Wanda Hausa ta ƙwace masa a tsakiyar magana ya ƙarasa da Turanci, wani ya juya wa tsofaffi a taƙaice. Kada a yi wa yaro dariya don ya karya Hausa, in aka yi sau ɗaya ba zai ƙara buɗe baki ba.

Wani abu kuma ga masu zaɓen nassi. Lambobin sura da aya ba marubutan suka sa ba. An raba surori a ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuma a 1551. Don haka kada a ce dole sura guda a mako. A bi inda magana ta fara da inda ta ƙare, aya takwas zuwa goma sha biyar. Markus 9:1 ƙarshen maganar sura ta 8 ce. Wanda ya yanke a 8:38 ya bar jimlar ƙarshe a baya.

Rahila, Kongo:
Na gode Baba. Waya kuma ina ganin a bar mu mu karanta da ita, amma a kashe data kafin a fara.

Mama Saratu, Zumuntar Mata, Sabon Gari:
Na yarda, 'yata. Yanzu ga wadda ta fi kashe zumunta, ba a kuma son faɗarta: abinci. Gida na farko ya ba da ruwa. Na biyu ya dama kunu. Na uku ya ƙara da ƙosai. Kafin wata uku an kai ga shinkafa da lemon kwalba. Sai layi ya zo kan gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ta ce tana da tafiya ran nan, daga nan kuma ba za a ƙara ganinta ba. Ba wanda ya kore ta da baki, amma an kore ta. A yanke tun farko, daga bakin fasto: ruwa kawai. Jakar ruwan leda ɗaya guda ashirin ce, ta ishi zama. In ana son kunun zaki, a yi shi sau ɗaya a wata daga aljihun kowa, mudun gero ɗaya ya wadatar, kuma ba mai gidan za a bar wa aikin ba. Wanda ɗakinsa ɗaya ne a gidan haya, a yi nasa zaman a gidan maƙwabci da sunansa, shi ya yi addu'ar buɗewa.

Ta biyu ita ce gulma da ke shigowa da rigar addu'a. "Mu yi wa 'yar'uwa wance addu'a, ita da mijinta kwana biyu..." an gama da ita ke nan. Karin Magana 11:13 ta bambanta mai yawo da magana da amintaccen da ke rufe asiri. Dokar ita ce ka kawo roƙonka na kanka. Na wani kuwa sai da izininsa, in ba haka ba a ce "wani iyali" ba suna, ba kwatance. Abin da aka faɗa a zama ya tsaya a zaman, kada a sa shi a WhatsApp. Banda guda ɗaya: in maganar ta shafi ran mutum, kamar duka a gida, ko cin zarafin yaro, ko wanda ke maganar kashe kansa, mai jagora ya gaya wa mai maganar cewa dole a kai wa fasto, kuma a kai a ranar, ba a jira Lahadi ba.

Ɗan'uwa Dauda, ma'aji, Palladan:
Mama ta gama magana. Ni a kan kuɗi zan tsaya. Ra'ayina a daina karɓar baiko a zumuntar unguwa gaba ɗaya. Wanda ba shi da ko sisi ranar Laraba yakan ƙi zuwa saboda kwanon nan. Kuma kuɗin da ba shi da yawa shi ya fi kawo zargi, don ba a ɗauke shi da muhimmancin da za a rubuta ba. Bayan wata shida wani ya tambaya ina kuɗinmu, mai riƙewa ya ce an sayi tabarma an kai gaisuwar rasuwa, ba takarda, zumunci ya lalace.

Baba Rabaran:
Ɗan'uwa Dauda, a nan mun ɗan bambanta. Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nawayar juna, kuma nawaya takan zo da kuɗin magani. Zumuntar da ta yi wa mara lafiya addu'a ta tashi ba ta iya saya masa ko allura ba, Yakubu 2:15-16 na kanta. Abin da zan yarda da shi shi ne a daina zagayawa da kwano. A ajiye gwangwani mai rufi a bakin ƙofa, mai so ya sa. Mutum biyu da ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga kafin a watse, a rubuta a littafi su sa hannu, a karanta jimla a ƙarshen wata. Mai jagora kada ya riƙe kuɗi. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, 2 Korintiyawa 8:19-21.

Ɗan'uwa Dauda, ma'aji, Palladan:
Ranka ya daɗe, in za a bi wannan ba ni da ja. Amma ina roƙo a sa iyaka: abin da ya wuce adadin da majalisar dattawa ta yanke a kai wa ma'ajin ikilisiya a karɓi rasit, kuma kada a ba da bashi daga ciki. Taimako a ba da shi kyauta ko a bari. Bashi ne ke sa mutum ya daina zuwa don kunyar wanda yake bin sa.

Malama Hannatu, makarantar Lahadi, Hanwa:
Kada a manta da yara. In an bar su suna guje-guje, uwaye ba za su ji komai ba. Su zauna a waƙa da karatun farko, sannan matashi ɗaya ko biyu su ja su gefe minti ashirin da biyar, a ba su labarin nassin nan dai da aya ɗaya ta haddacewa, su dawo su faɗe ta kafin sallama. A riƙa juya masu kula da su, kada ya zama yarinya ɗaya ce kullum ba ta taɓa zama a nazari ba. Kuma a wurin da ido ke ganinsu, ba a cikin ɗaki a rufe ba.

Dattijo Ishaya, Tudun Wada:
Saura maganar lokaci da maƙwabta, don mu a Tudun Wada da Gyallesu da Sabon Gari gida ɗaya muke haya da 'yan'uwanmu Musulmi. A Disamba rana na faɗuwa wajen shida da 'yan mintoci, a Yuni da Yuli kuwa sai kusan bakwai saura. In an fara biyar saura kwata a lokacin hunturu, biyar da kwata a damina, za a tashi kafin kiran sallar magariba, maƙwabci ya sami tsakar gida ya yi alwala, mata su koma gida da sauran haske, ba a kuma dogara da wutar lantarki ba. Ba lasifika, mutum goma sha biyu ba sa buƙatarta. Babura kada su tare lungu. Mai masauki ya shaida wa mai gida da sauran 'yan haya tun kwana ɗaya kafin ranar. Wanda aka gaya masa da ladabi, sau da yawa shi zai ara maka benci.

Malam Bitrus, Samaru:
Ma'aikata da 'yan kasuwa fa, Baba? Mai shago a kasuwar Sabon Gari ba zai rufe ƙarfe huɗu da rabi ba.

Baba Katikis, Wusasa:
Manoma ma haka. Daga Yuni zuwa Agusta mutum yana gona har yamma, ga ruwan sama da ke saukowa da la'asar, ga kuma kaka daga Oktoba. Kada a ɗaure kowa da Laraba. Nassi dai ɗaya ne a mako, amma kowace zumunta ta zaɓi ranarta tsakanin Litinin da Asabar: 'yan kasuwa da asuba ƙarfe shida na minti arba'in da biyar, manoma a damina su koma Lahadi da yamma. In sun koma Lahadi, su bi nassin makon da ya wuce, don mai jagoransu ya sami kwanakin shiri.

Na sauko daga inda na tsaya da farko, amma da sharaɗin zaman masu jagora na ranar Lahadi. In babu shi, ina nan a kan bakana.

Baba Rabaran:
Sharaɗin ya karɓu. A fara da Markus, sura 16 ce, labari ne mai tafiya da sauri, wanda bai iya karatu ba ma zai riƙe shi. In an yanka shi aya goma zuwa goma sha biyar zai kai kusan shekara, don haka a ɗauki sura 1 zuwa 8 tukuna, a tsaya a 9:1, a zauna a duba yadda abin ya tafi. Kada a sauya dukan zumuntoci a lokaci ɗaya, a gwada da biyu ko uku waɗanda masu jagoransu suka yarda da kansu. Malama Hannatu da Malam Bitrus, ku fitar da tambayoyin Markus 1:1-15 ku turo nan kafin Juma'a, Baba Katikis ya duba su.

Malama Hannatu, makarantar Lahadi, Hanwa:
To Baba. Amma 1:1-15 ta yi yawa a zama ɗaya, akwai Yahaya, da baftismar Yesu, da gwaji a jeji, da farkon wa'azi a Galili. Ina ganin a tsaya a aya ta 8 a makon farko, 9 zuwa 15 a na biyu.

Baba Katikis, Wusasa:
Haka ya fi. Ku haɗa da Ishaya 40:3 da Malakai 3:1 a takardar masu jagora, don daga can aya ta 2 da ta 3 suka fito, kuma tabbas wani zai tambaya.